Lawashi Da Gabu: Abin Da Ganyen Albasa Ya Ƙunsa

Idan watan Maris ya kama aka shiga cirar albasa a fadamun Aliero ta jihar Kebbi, ko a Galmi da ke kan hanyar Ƙonni zuwa Madawa a Nijar, hankalin kowa yana kan buhu. Ana yanke kawuna ana tarawa, dillalai na ta ciniki. Lawashi kuwa sai a jibge shi a bakin gona: abin da mata suka kwasa su yi gabu da shi, saura dabbobi su ci ko rana ta ƙone shi. Alhali ƙamshin da ake biyan kuɗi dominsa a cikin buhun nan, a wannan ganyen aka fara harhaɗa shi.

Kan albasa shi kansa ganye ne. Tsaga albasa biyu daga sama zuwa ƙasa ka duba da kyau. Kowane ɓawo mai kauri gindin wani ganye ne da ya kumbura, kuma dukkansu suna zaune a kan wani ɗan faifai mai tauri inda saiwa ke fitowa, wanda shi ne ainihin karan shukar. Koren da ke sama shi ke karɓar hasken rana ya ƙera sukari. Shi ne kuma ke karɓar farar wutar da saiwa ta tsotso daga ƙasa, ya sarrafa ta zuwa sinadaran ɗanɗano, sannan ya riƙa tura su ƙasa ana tarawa. Manomi ya san wannan tun kafin masana su rubuta: wanda ya yi gaggawar yanke lawashi ya kai kasuwa, kawunansa ƙanana za su fito. Shi ya sa ake haƙuri sai wuya ya yi laushi, ganye ya kwanta da kansa.

Dangin albasa suna da yawa, iri ɗaruruwa ne. Akwai tafarnuwa, akwai wata albasa ta Sin da Japan wadda ba ta yin kai sam, don ganyenta kawai ake nomanta. Abin da ya haɗa su shi ne farar wuta. Sai dai ganyen da ba a taɓa ba kusan ba shi da wari. A cikin kowace ƙwayar halittarsa akwai abubuwa biyu da aka ajiye daban-daban, kamar yadda ake raba fetur da ashana: sinadari mai farar wuta wanda ba ya ƙamshi, da kuma wani mai tayar da shi da ake kira aliyinas. Da wuƙa ta ratsa, ko haƙori, ko taɓarya, sai shingen ya fashe, su haɗu, cikin 'yan daƙiƙu ƙamshi ya tashi. Ita shukar ba don miyarmu take wannan ba. Makaminta ne na korar ƙwari da dabbar da ta kai mata baki.

An daɗe ana bin diddigin wannan al'amari. A 1844 Theodor Wertheim ya tace man tafarnuwa mai warin gaske. Bayan shekara ɗari cif, a 1944, Chester Cavallito da John Bailey a Amurka suka ware alisin, sinadarin da ke ba ɗanyar tafarnuwa zafinta, suka kuma nuna yana kashe ƙwayoyin cuta a ɗakin gwaji. Ba da jimawa ba Arthur Stoll da Ewald Seebeck a birnin Basel na Suwizalan suka gano aliyin, wato uwar da alisin ke fitowa daga gare ta. Hawayen albasa ma sai a 2002 aka kammala gane shi, lokacin da Shinsuke Imai da abokan aikinsa a Japan suka nuna cewa akwai wani sinadari na daban da aikinsa shi ne ƙera iskar da ke shiga ido. Tafarnuwa ba ta yin wannan iska, shi ya sa take cin harshe amma ba ta sa kuka.

Lawashi yana da nasa ƙarin. Idan aka yanka shi, ɗan kitsen da ke cikin koren ganye yana wargajewa ya ba da irin ƙamshin sabuwar ciyawa da aka yanke. Haɗuwar wannan da na farar wuta ita ke sa wainar ƙwai da aka yanka wa lawashi ta bambanta da wadda aka yi da kai. Ƙasa ma tana da hannu: albasar Vidalia ta jihar Jojiya a Amurka ta yi suna wajen zaƙi saboda ƙasar can ba ta da farar wuta sosai.

Wajen gina jiki kuwa, tazarar tana da girma. A alƙaluman ma'aikatar gona ta Amurka, giram 100 na ɗanyen kan albasa yana ɗauke da bitamin C kusan miligiram 7, kalsiyam 23, sinadarin ƙarfe mai ƙara jini kuwa 0.2 kacal. Giram 100 na albasa mai lawashi, ganye da ɗan farin gindinta, yana da bitamin C kusan miligiram 19, kalsiyam 72, ƙarfe kusan 1.5. Bitamin K, mai taimaka wa jini ya daskare idan an ji rauni, bai kai maikirogiram 1 ba a cikin kai, amma a mai lawashi ya haura 200, fiye da abin da baligi ke buƙata a yini. Akwai kuma karotin, wanda jiki ke mayarwa bitamin A don lafiyar ido, kuma farin kai kusan ba shi da shi. A gidan da nama da ƙwai ba su cika shiga ba, dintsin lawashi a kan kwaɗo ko dambu ba ƙaramin abu ba ne, ga shi da araha. Amma kada a wuce gona da iri. Kashe ƙwayar cuta a kwalbar gwaji daban, warkar da mutum daban, kuma mai taifot ko hawan jini asibiti ya kamata ya nufa.

Gabu hikima ce ta iyayenmu mata, kuma ya cancanci a dube shi da idon basira. Ana daka ganyen a turmi har ya yi laushi ya fitar da ruwa, a dunƙula, a shanya. Dakan nan yana fasa ƙwayoyin ganyen gaba ɗaya, ƙamshi mai saurin gudu ya rikiɗe zuwa wasu sinadarai masu nauyi da suka fi jure ajiya. Ranar da aka gutsura aka jefa cikin mai mai zafi, wuta ta haɗa sukari da sauran abin da ke ciki, sai wani ƙamshi na uku ya fito, wanda maƙwabta ke ji kafin a sauke miyar kuka. Abin da ake asara shi ne bitamin C, domin iska da zafi suna cinye shi, karotin ma rana tana kashe shi kamar yadda take kashe koren launin. Kalsiyam da ƙarfe suna nan ba sa zuwa ko'ina. A ganina gyaran ba shi da wuya: a shanya a inuwa mai iska, a kan tabarma mai tsabta, kuma a yi da ganyen da bai riga ya yi rawaya ba. Ɗanye kuwa a zuba shi ana dab da sauke tukunya, da ɗan mai a ciki, domin bitamin A da K sai da mai hanji ke iya tsotse su da kyau.

Mai shan warfarin, maganin tsinka jini, ya tuntuɓi likitansa kafin ya yawaita cin lawashi, saboda bitamin K yana rage ƙarfin maganin. Ganyen ne kuma ke karɓar feshin maganin ƙwari kai tsaye, don haka manomi ya kiyaye kwanakin jira da aka rubuta a jikin kwalba kafin ya yanka, mai girki kuma ta wanke shi sosai. Makiyaya su ma su kula. Sinadaran farar wutar nan suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin dabba idan ta ci da yawa. Tumaki da awaki sun fi jurewa, amma shanu da dawaki da karnuka ba su da wannan ƙarfin. Saniyar da aka sake a gonar albasa bayan cira, ta kwana biyu tana cika ciki da lawashi da ruɓaɓɓun kawuna, za a iya ganin ta yi kasala, dasashinta ya yi fari, fitsarinta ya koma ja, kuma abin da za a fara yi shi ne a fitar da ita daga gonar a kira malamin dabbobi.