Auna Lafiyar Shuka da Hasken da Ganye ke Mayarwa

Hasken ranar da ya sauka a kan gona gida uku yake rabuwa: ganye ya shanye wani kaso, wani kason ya ratsa shi ya kai ƙasa, ragowar kuma ya koma sama. Wannan ragowar ita ce manomi yake karantawa sa'ad da ya ce yabanya ta yi kore shar, ko kuwa ta fara ɗashewa, sai dai idon mutum iyakar ganinsa shi ne hasken da tsawon zangonsa ke tsakanin nanomita 400 da 700, wato daga launin shunayya da shuɗi zuwa ja. Nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Gaba kaɗan da ja akwai wani haske da ido ba ya kamawa, wanda za a iya kira hasken bayan-ja, kuma a cikinsa ne ganye ke bayyana yawancin halin da yake ciki.

Dalilin haka yana cikin ƙirar ganyen. Sinadarin da ke sa ganye kore, wanda masana ke kira kulorofil, yana shanye hasken ja da shuɗi domin ya haɗa wa shuka abinci, saboda haka lafiyayyen ganye ba ya mayar da ko kashi 10 cikin ɗari na jan hasken da ya same shi. Hasken bayan-ja kuwa ba shi da amfani ga kulorofil, don haka yakan shige cikin ganyen ya tarar da ƙwayoyin halitta masu laushi da ramukan iska a tsakaninsu, su yi ta watsa shi, har kusan rabinsa ya koma sama. Idan shuka ta rasa taki ko ruwa, ko cuta ta kama ta, kulorofil yakan ragu, sai jan hasken da ake mayarwa ya ƙaru. Idan kuma ganye ya yanƙwane ko ya yi ƙaranci har ƙasa ta bayyana a tsakanin kunyoyi, sai hasken bayan-ja ya ragu. Tazarar da ke tsakanin waɗannan hasken biyu ita ce gaba ɗayan ilimin ya dogara a kai.

Sojoji na cikin waɗanda suka fara cin moriyar wannan sani, domin a Yaƙin Duniya na Biyu an yi amfani da fim mai kama hasken bayan-ja wajen bambance ɗanyen ganye da koren fentin da ake ɓoye kayan yaƙi da shi. A 1956 Robert Colwell na Jami'ar Kalifoniya ya nuna cewa irin wannan hoto, idan aka ɗauke shi daga jirgin sama, yana tona cututtukan hatsi irin su tsatsar alkama. Bayan Amurka ta harba tauraron ɗan'adam na Landsat na farko a 1972, John Rouse da abokan aikinsa na Jami'ar Texas A&M, waɗanda ke bibiyar ciyawar manyan filayen kiwo na tsakiyar Amurka, suka fito da lissafin da aka fi sani yau da NDVI. Ana cire adadin jan haske daga na bayan-ja, sannan a raba abin da ya rage da jimillar su biyun. Gonar da ta mayar da kashi 45 na bayan-ja da kashi 5 na ja za ta ba da 40 a raba da 50, wato 0.8, wadda kuma ta mayar da 30 da 15 za ta tsaya a 0.33. Amfanin rabawar shi ne tana rage tasirin ƙarfin rana, ta yadda awon safe da na azahar ba za su yi hannun riga ba. Sakamakon ba ya wuce tsakanin -1 da +1: ruwa yakan faɗi ƙasa da sifiri, fako da rairayi su tsaya kusa da 0.1 ko 0.2, gonar da ta rufe kuwa ta haura 0.6.

Inda awon ya fi taɓa aljihun manomi shi ne wajen zuba takin zamani. A Jami'ar Jihar Oklahoma, William Raun da abokan aikinsa sun ƙera na'urar da aka sa wa suna GreenSeeker, wadda ke fitar da nata hasken ta haska ganye ta kuma auna abin da ya dawo, don haka gajimare ba ya hana ta aiki, kuma akwai ƙaramarta da ake riƙewa a hannu a bi kunya da ita. Hikimar tsarin ba a na'urar take ba, a wani ɗan zirin gona take, wanda ake cika wa takin naitirojin tun farkon shuka har ya ƙoshi. Idan lokacin ƙara taki ya yi, sai a auna zirin a auna sauran gonar. In lambobin sun yi kusa da juna, ƙasa na ba shuka abin da take bukata, kuma buhun yuriya da za a ƙara asara ne, in kuma tazarar ta yi yawa, girmanta ne zai nuna adadin da ya kamata a zuba. Cibiyar binciken masara da alkama ta CIMMYT ta gwada wannan hanya da manoman alkama na kwarin Yaqui a Meziko, inda aka saba zuba taki fiye da kima. Abin lura a nan shi ne lambar ita kaɗai ba ta da ma'ana sai an kwatanta ta da wata, domin 0.6 na iya zama alamar ƙoshi ga wani iri a mako na huɗu, ya zama alamar yunwa ga wani a mako na takwas.

Yankin Sahel yana da tsohuwar alaƙa da wannan awo. Bayan farin farkon shekarun 1970 aka kafa cibiyar AGRHYMET a Yamai a 1974, bayan yunwar 1984 kuma Amurka ta kafa tsarin gargaɗin yunwa na FEWS a 1985, kuma dukansu suna kwatanta koren damina mai ci da na shekarun baya domin gane inda hatsi da ciyawa suka gaza tun kafin kaka. Compton Tucker na hukumar NASA ya yi amfani da irin waɗannan hotuna ya nuna a 1991 cewa bakin Sahara ba gaba kawai yake ci ba, yana matsowa kudu a shekarar fari ya koma arewa idan ruwa ya wadata. A filayen kiwo, inda ciyawa ke shimfiɗe tsawon tafiyar kwanaki, awon na aiki sosai, musamman idan ma'aikata sun yanki ciyawa a wasu wurare sun auna nauyinta don gyara lissafin.

Gonar Bahaushe kuwa tana ba shi wahala. Taurarin Sentinel-2 na Turai, waɗanda aka harba na farkonsu a 2015, suna kewayowa duk bayan kwana 5 kuma hotunansu kyauta ne, amma ɗigo ɗaya a hoton fili ne mai mita 10 tsawo da faɗi, kuma a cikin wannan fili ana iya samun gero da wake da gyaɗa, da inuwar kuka ko ɗorawa, da gefen gonar maƙwabci. Na'urar ba ta bambance amfanin gona da ciyawa, saboda haka gonar da aka makara yi wa noma tana iya fin wadda aka share lamba. Ba ta kuma faɗin dalilin rauni: ƙarancin taki, wuta-wuta, tsutsar masarar da ta bayyana a Afirka ta Yamma a 2016 da kwanciyar ruwa duk suna sauke lambar iri ɗaya, don haka taswirar na nuna wa malamin gona kusurwar da zai nufa ne, shi zai tsuguna ya buɗe tsakiyar masarar ko ya tono saiwa ya gani. A farkon damina hasken ƙasa yana rinjayar na ganye, abin da ya sa Alfredo Huete ya fito da gyararren lissafi a 1988, idan kuma gona ta rufe sosai lambar takan tsaya cik ko da ganye na ƙaruwa, sai a koma ga siririn zangon da ke tsakanin ja da bayan-ja. Ga kuma hadarin watan Agusta, wanda kan rufe sama daidai lokacin da gero ke ciki. Jirgi marar matuƙi yana bi ta ƙarƙashin gajimare ya ɗauki hoton da ke rarrabe kunya da kunya, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin mai kadada ɗaya, sai dai ƙungiyar manoma ko ma'aikatar gona.

Noman rani ne ya fi dacewa da wannan fasaha a ƙasar Hausa. A filayen ban-ruwa irin na Kadawa da Bakolori, inda ake shuka alkama ko shinkafa zalla a jere, babu gajimare sai hazon hunturu, taki ne ke cin kaso mai yawa na jari, kuma ana iya ware zirin kwatance a gefen kowace gona a auna shi da na'urar hannu guda da manoma da yawa za su yi karo-karo su saya.