Uwargida, Ki Gaya wa Na'ura Yadda Za Ta Yi Miki Magana



Duk wadda ta taɓa ɗaukar sabuwar 'yar aiki ta san ba a sakar mata tukunya ranar farko, sai an nuna mata yadda maigida yake son miyarsa. To, haka abin yake ga manhajojin nan na ƙirƙirarriyar basira da ake hira da su a waya. Kamfanin OpenAI na Amurka ya fito da ChatGPT a watan Nuwamba na 2022, a 2024 kuwa Meta AI ta shigo WhatsApp a Nijeriya. Sun sha karatu, amma galibinsa na Turanci ne, ba su san gidanki ba. Shi ya sa in kin tambayi girki sai a auna miki da giram, alhali ke da mudu da gwangwani kika saba.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, saboda haka ki faɗi bukatarki tun farko. Tun 2023 ChatGPT tana da wurin da ake rubuta irin wannan umurni sau ɗaya ta riƙa bi. Inda babu wurin, sai ki rubuta a farkon kowace hira. Ki ce mata: "Amsa mini da Hausa mai sauƙi, a taƙaice. Auna da gwangwanin madara. In ba ki sani ba, ki ce ba ki sani ba. In na yi kuskure ki gyara mini, ban da yabo." Kada ki manta da waɗannan biyu na ƙarshe, domin na'urar takan bi ra'ayin mai tambaya, takan kuma shara ƙarya babu ko inda-inda.

Ke kuma 'yar makaranta, ki gaya mata ajinki, ki ce ta nuna miki hanyar lissafi daki-daki, ta bar miki amsar ki nemo da kanki. Ranar jarrabawa ba za ta shiga aji tare da ke ba.

Amma fa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Abin da kika rubuta yana zuwa kwamfutocin kamfani, don haka ban da lambar sirrin banki, ban da sirrin aurenki. In kuwa yaro ya kwana da zazzaɓi, a ajiye waya a nufi asibiti.

Allah ya sa mu dace. Sai mako mai zuwa.