Dutsen Dala: matakalar da baƙin Kano ke wucewa ba su hau ba

Duk mako ƴan kasuwa daga Maradi da Damagaram suna shiga Kano, su sari atamfa a Kantin Kwari, su leƙa Kasuwar Kurmi, su juyo gida. Kaɗan ne daga cikinsu ke tunawa da cewa a cikin tsohon birnin, ba nisa da Kurmi, akwai dutsen da Kano ta samo asali a gindinsa.

Dala ba wani dogon dutse ba ne. Ƙololuwarsa tana kan mita 534 daga matakin teku, amma da yake birnin kansa a kan tudu yake, hawan bai wuce na ƴan mintoci ba. Akwai matakala ta siminti har sama. Ba a bukatar takalmi na musamman, gorar ruwa ta isa. Masu motsa jiki sun fi zuwa bayan sallar asuba ko da la'asar sakaliya, kafin rana ta yi zafi ko bayan ta yi sanyi.

Daga sama ne mutum yake gane girman Kano. Ga Goron Dutse daga yamma, ga hasumiyoyin Babban Masallaci kusa da Gidan Rumfa, ga rufin kwano iya ganin ido. Lokacin hunturu hazo kan rufe rabin wannan kallo, shi ya sa ƙarshen damina ya fi daɗin hawa.

Binciken masana ya nuna an yi narkar da tama a nan tun wajen ƙarni na 7. Tarihin Kano kuma ya ce a kan dutsen Barbushe ya zauna yana jagorantar bautar Tsumburbura, kafin zuwan Bagauda a shekarar 999.

Sai dai dutsen yana cikin wani hali. Jan marmara ne, ruwan sama yana zaizayarsa duk shekara. Gidaje sun matso har gindinsa, shara da ledoji sun taru a gefensa, kuma mazauna unguwar sun daɗe suna kokawa da ɓata-garin da ke fakewa a wurin. Saboda haka hawa da rana, cikin rukuni, ya fi kwanciyar hankali.

Ga matashin da zai shiga Kano sari ko karatu, awa ɗaya ta ishe shi ya hau, ya huta, ya sauko.