Tallafin Masu Ƙananan Sana'o'i a Zamanin Korona: Wa Ya Samu, Wa Ya Rasa

Ran 27 ga watan Fabrairu na shekarar 2020 hukumomin lafiya suka tabbatar da cewa cutar korona ta shigo Nijeriya ta birnin Legas, kuma bayan wata guda da 'yan kwanaki Shugaba Muhammadu Buhari ya ba da umurnin a kulle Legas da Ogun da Abuja, kowa ya zauna a gidansa. Kano ta bi sahu a tsakiyar watan Afrilu, ana saura kamar mako guda a ɗauki azumi, watau daidai lokacin da tela da mai sayar da yadi a Kantin Kwari da mai wankin hula da mai kitso suke zuba ido ga cinikin da zai riƙe su har bayan salla. Babu mai hankalin da zai musanta hikimar killace jama'a a lokacin annoba, balle Musulmi, wanda tun zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, aka hore shi da kada ya shiga ƙasar da annoba ta ɓulla, in kuwa ta riske shi a ciki kada ya fita. Amma hukumar da ta hana mutum fita neman abinci saboda maslahar al'umma ta ɗora wa kanta wani nauyi, tun da ita ce ta ɗaure masa hannu, kuma a kan yadda aka sauke wannan nauyi nake so in yi magana tun ba a manta da abin da ya gudana ba.

Ya kamata a fara fahimtar irin ɓarnar da kulle ke yi wa mai ƙaramar sana'a, domin ta sha bamban da wadda yake yi wa ma'aikacin gwamnati ko babban attajiri. Ma'aikaci albashinsa na tafe ko ya je ofis ko bai je ba, attajiri kuwa yana da ajiya da kadara da bankin da zai lamunce masa. Amma mai shayi da mai facin taya da matar da ke suyar ƙosai, dukiyarsu duka ita ce ɗan jarin da suke juyawa kullum, su ci riba su mayar da uwar kuɗi. In kasuwa ta tsaya kwana uku riba ta ƙare, in ta tsaya mako uku sai a shiga cin uwar kuɗi, domin yara ba su san da dokar kulle ba, mai gidan haya kuma bai yafe ba. Ran da aka buɗe gari sai mutum ya tarar rumfarsa na nan, masu saye sun dawo, shi kuwa ba shi da abin da zai sari kaya. Wannan ita ce asalin hujjar tallafi: a mayar wa mutum jarin da ya cinye bisa larura, don ya koma ya ci gaba da ciyar da kansa da iyalinsa da yaran shagonsa, kada ya wayi gari yana miƙa hannu. Masu irin wannan hali kuwa su ne mafi yawan masu nema a ƙasar nan, gama ƙidayar da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da hukumar SMEDAN suka yi a 2017 ta nuna akwai ƙanana da matsakaitan sana'o'i sama da miliyan 41, kuma kusan dukkansu ba su kai ma'aikata goma ba.

Adalci ne a faɗi cewa annobar ta sami baitulmali cikin ƙunci. An tsara kasafin 2020 bisa zaton za a sayar da gangar ɗanyen mai dala 57, sai ga shi a watan Afrilu farashin ya faɗi ƙasa da dala 20, har aka sake kasafin a kan dala 28, aka kuma karɓo rancen gaggawa na dala biliyan 3.4 daga Asusun Ba da Lamuni na Duniya. A cikin wannan hali ne kwamitin da Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya shugabanta ya fito da shirin farfaɗo da tattalin arziki na naira tiriliyan 2.3, wanda majalisar zartarwa ta amince da shi a watan Yuni, aka keɓe naira biliyan 75 domin masu ƙananan sana'o'i a ƙarƙashin asusun da aka sa wa suna Survival Fund, aka danƙa jagorancinsa ga Ƙaramar Ministar Masana'antu da Ciniki, Hajiya Mariam Katagum.

An kasa kuɗin kashi-kashi. Mafi girma shi ne na albashi, inda gwamnati ta yi alkawarin biyan ma'aikata 500,000 na ƙananan kamfanoni tsakanin naira 30,000 da 50,000 kowane wata har wata uku. Aka ware naira 30,000 sau ɗaya ga masu sana'ar hannu da direbobi 333,000, da naira 50,000 ga wasu ƙananan 'yan kasuwa 100,000, da rajistar sunan kasuwanci kyauta a hukumar CAC ga mutum 250,000, sa'an nan naira biliyan 15 don gwamnati ta sayi kayan da ƙananan masana'antu ke yi, irin su takunkumin fuska da sabulun ruwa. Aka sharɗanta cewa kashi 45 cikin ɗari na mata ne, kashi 5 kuma na masu buƙata ta musamman. Duk wannan kyauta ce, ba a nemi kowa ya biya ba. A ganina an yi tunani mai kyau da aka fara da malaman makarantu masu zaman kansu, domin an rufe makarantu tun watan Maris, mafi yawa ba su buɗe ba sai wajen Oktoba, kuma makarantar da ba ta karɓi kuɗin zango ba ba ta da inda za ta samo albashi. Haka nan zuba kuɗin kai tsaye cikin asusun malami, ba ta hannun mai makaranta ba, ya toshe ƙofar ha'inci babba. Wanda ya ga malamin da ya yi wata shida ba a biya shi ko sisi ba, ba zai raina naira 30,000 sau uku ba.

Sai dai akwai abubuwan da yabo ba zai rufe ba. Ba a buɗe shafin neman tallafin ba sai ran 21 ga Satumba, kusan wata shida bayan kulle na farko, alhali kuwa jarin mai ƙaramar sana'a ba ya jiran wata shida. In kuma aka haɗa dukan waɗanda aka yi niyyar bai wa a sassan nan da na lissafa, ba za su kai miliyan ɗaya da rabi ba, a ƙasar da masu sana'a suka kai wajen miliyan 40. Ƙarancin kuɗi yana da uzuri, kamar yadda na bayyana. Abin da ya fi damuna shi ne ƙofar da aka ce a bi, domin ita ce ta zaɓi wanda zai samu tun kafin a duba wanda ya fi cancanta.

Mai neman tallafin albashi sai ya kasance yana da takardar rajista ta CAC, da lambar BVN, da asusun banki, da jerin sunayen ma'aikatansa a rubuce tare da shaidar cewa yana biyansu, sa'an nan ya shiga intanet ya cike takarda da Turanci. Ba don mugunta aka gindaya waɗannan sharuɗɗa ba. Wanda aka ba amanar dukiyar jama'a wajibi ne ya tabbata cewa mai karɓa mutum ne na haƙiƙa, ba sunan ƙarya ba. Amma a duba wanda sharuɗɗan suka bari a waje. Binciken da ƙungiyar EFInA ta yi a 2020 ya nuna kimanin kashi 36 cikin ɗari na baligai a Nijeriya ba su da wata mu'amala da banki ko makamancinsa, a Arewa maso Yamma kuwa sun haura rabi. Maƙeri da ke da yara biyar a maƙera yana sallamarsu kullum da yamma, ba shi da takardar albashi, kuma bai taɓa jin buƙatarta ba. Matar da ke cikin gida tana yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ko tana ɗinkin hula, wadda bankinta shi ne adashi, kasuwarta kuwa ita ce tallar da yara ke kai wa makaranta da tasha, kulle ya tsayar da sana'arta cak, amma babu daftarin hukuma ko ɗaya da ke ɗauke da sunanta. Kashi 45 ɗin nan da aka keɓe wa mata ba zai iske ta ba, sai dai ya iske 'yar'uwarta mai shago da waya da ilimin boko. Ta haka ne wanda ya fi ƙarfi a cikin masu rauni ya riga shiga, mafi rauni kuma ko labarin bai ji ba. Sashen masu sana'ar hannu da direbobi, wanda aka bi ta ƙungiyoyinsu, ya fi kusa da talaka, ko da yake shi ma ya dogara ga amanar shugaban ƙungiya.

Ƙasashen da suka yi sauri a wannan al'amari, yawan kuɗi ya taimake su, amma daftari ya fi taimakonsu. A Ingila gwamnati ta ba ƙananan shaguna kyautar fam 10,000 kowanne ta hannun ƙananan hukumomi, kuma an fara biya tun watan Afrilu, saboda sunan kowane shago da adireshinsa suna cikin littafin harajin gine-ginen kasuwanci tun kafin annoba; haka kuma ta biya kashi 80 cikin ɗari na albashin ma'aikatan da aka zaunar a gida ta hanyar littafin harajin albashi. Duk da haka, can ma masu kasa kaya a kasuwa, waɗanda ba su cikin littafin, an tsallake su da farko, sai da aka buɗe musu wani asusu dabam. Mu ma muna da abin koyi a tarihinmu. A shekara ta 18 bayan hijira, lokacin farin nan da ake kira shekarar toka, Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah ya ƙara masa yarda, ya naɗa mutane su riƙa ƙidaya waɗanda yunwa ta koro zuwa gefen Madina don a san yawan abincin da za a dafa, ya aika wa gwamnoninsa, har da Amru ɗan Asi, su turo agaji, ya kuma jinkirta karɓar zakka har shekara mai zuwa. Shi ne kuma ya fara kafa diwani, inda aka rubuta sunayen jama'a ƙabila-ƙabila domin rabon baitulmali. Ya gane cewa shugaba ba zai iya ciyar da ra'iyyar da bai san adadinta ba.

Akwai kuma wani ruɗani da har yanzu mutane ke ɗanɗana kuɗarsa. Tun watan Maris na 2020 Babban Bankin Nijeriya ya fito da naira biliyan 50, wadda aka yi ta ƙarawa daga baya, a bayar ta hannun bankin NIRSAL ga magidanta da masu sana'a, magidanci har naira miliyan 3, kamfani har miliyan 25. Wannan bashi ne mai ruwa, kashi 5 cikin ɗari da farko, da sharaɗin zai koma kashi 9, ko da yake daga bisani an buɗe sashen da babu ruwa domin masu gudun riba. To, a bakin jama'a wannan bashi da tallafin Survival Fund duka biyun “kuɗin korona” ne, kuma da yawa sun karɓa suna zaton rabonsu ne na arzikin ƙasa, wasu ma dillalai ne suka cike musu takarda suka yanki kasonsu, ba su karanta musu ko layi ɗaya na yarjejeniyar ba. Da wa'adi ya cika, aka fara cire kuɗi daga duk asusun da ke haɗe da lambar BVN ta mai bashin, a kowane banki yake, sai kuka ya tashi. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma wanda ya ci da saninsa wajibi ne ya biya, don dukiyar al'umma ce. Amma hukumar da ke ba da rance ga mutumin da bai iya karatu ba, a lokacin da yake cikin firgici da yunwa, haƙƙi ne a kanta ta faɗa masa da harshensa, a rediyo da masallaci da kasuwa, cewa wannan za a biya. Ga wanda ya gaza da gaske kuwa, Alƙur'ani a cikin Suratul Baƙara ya yi umurni da a jinkirta wa mai ƙunci har ya sami sauƙi.

Labarin rumbunan abincin tallafi da jama'a suka fasa a watan Oktoban 2020 a Legas da Jos da Kaduna da sauran wurare sananne ne, kuma ba zan tsawaita a kansa ba, illa in ce ya nuna iyakar yardar da ke tsakanin mai rabo da wanda ake raba wa. A watan Disamba na shekarar Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 domin shirin NG-CARES, wanda ya sauko da aikin zuwa jihohi, kuma wannan ya fi kusa da daidai, don gwamna da shugaban ƙaramar hukuma sun fi Abuja sanin kasuwannin ƙasarsu.

Abin da ya rage shi ne aikin da ba a yin sa cikin gaggawa. Ba mu rasa tushen da za a ɗora daftari a kai ba: kowace kasuwa tana da shugabanninta, mahauta suna da Sarkin Fawa, maƙera da wanzamai suna da nasu sarakuna, direbobi da teloli da masu Adaidaita Sahu suna da ƙungiyoyi, mai unguwa ya san gidan da ake yin fura da gidan da ake saƙa, uwar adashi kuma ta san jarin kowace mace a layinta fiye da kowane banki. Ina roƙon gwamnatocin jihohi da ƙananan hukumomi su zauna da waɗannan mutane yanzu da ake zaune lafiya, a rubuta sunan kowane mai sana'a da irin sana'arsa da inda yake, a taimaka masa ya buɗe asusu, a riƙa sabunta littafin kowace shekara, a kuma karanta shi a bainar jama'a don kada shugaba ya cusa 'ya'yansa da surukansa. Kuma a ba mutane tabbacin cewa ba tarkon haraji aka ɗana musu ba, in ba haka ba za su ɓuya. Kai kuma mai sana'a, in kana da hali ka yi rajista, ka mallaki lambar BVN, ka sayi ɗan littafi kana rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, kuma duk ran da aka miƙo maka kuɗin gwamnati, kafin ka sa hannu ka tambaya a gaban shaidu ko kyauta ce ko bashi.