Farfaɗo da Tsofaffin A-kori-kura ta Hanyar Haɗin Gwiwa: Yadda Lissafin Yake

Duk wanda ya saba shiga kasuwar Mile 12 a Legas, ko Bodija a Ibadan, ya san cewa babbar mota ba ta kai kaya ƙofar mai saye. Ta sauke tumatir da albasa da doya, sauran aikin kuma na ƙananan motocin ɗaukar kaya ne. Shekaru da dama a-kori-kura ƙirar Peugeot 404 da 504 ce ke riƙe da wannan aiki a yawancin garuruwan ƙasar nan. A yau da yawa daga cikinsu suna jibge a bayan gareji, tayoyi sun sace, ciyawa ta tsiro a ƙarƙashinsu. Abin tambaya ga 'yan kasuwa shi ne ko akwai riba idan ƙungiya ta haɗa kuɗi ta tayar da irin waɗannan motoci.

Yawansu a ƙasar nan yana da dalili. An kafa kamfanin Peugeot na Nijeriya a shekarar 1972, ya kuma fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975. A-kori-kura ƙirar 504 ta fito a Faransa a 1979, ta gaji ƙirar 404, kuma Kaduna ta ci gaba da harhaɗa 504 har tsakiyar shekarun 2000, bayan an daɗe da daina ƙera ta a Turai. Sakamakon haka, da wuya a sami garin da babu bakaniken da ya san cikin wannan mota kamar tafin hannunsa.

Abin da ya dawo da maganar shi ne canjin kuɗi. Bayan da gwamnati ta janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, ta kuma saki darajar naira a watan Yuni na wannan shekarar, dalar Amurka da ake canzawa a kan kimanin naira 460 a hukumance ta haura naira 1,500 a 2024. Motar tokumbo da dala ake sayo ta, kuma kuɗin kwastan ma da farashin dala ake lissafa shi. Tsohuwar a-kori-kura kuwa tana nan gida, kuma mafi yawan abin da za a kashe mata ladan hannu ne, wanda da naira ake biya. Wannan shi ne ginshiƙin lissafin gaba ɗaya. Waɗanda suka ga zamanin shirin SAP na 1986 za su tuna cewa haka aka yi a wancan lokaci: sabuwar mota ta gagari mai matsakaicin ƙarfi, gareji ya cika da aiki.

A ƙasashen waje abin sha'awa ne. A Amurka ƙungiyoyin masoya tsofaffin motoci kan taru su tayar da Chevrolet C10 ta 1967 zuwa 1972 ko Ford F-100 ta 1953 zuwa 1956, su kai su baje koli ko gwanjo. A Faransa motar da ta kai shekara 30 tana iya samun takardar rajista ta musamman a matsayin kayan tarihi. Su ado suke nema, shi ya sa suke kashe dukiya a kan fenti da kujeru. Ƙungiyar 'yan kasuwa a nan motar aiki take nema, don haka kwaikwayon tsarinsu na kashe kuɗi hasara ce tsantsa.

Dalilin yin aikin a ƙungiyance kuwa shi ne ba sana'ar mutum ɗaya ba ce. Ana bukatar bakaniken inji, da mai walda da gyaran bodi, da mai haɗa wayoyin lantarki, da mai fenti, sa'an nan da wanda ya san kasuwar kayan gyara, ko Ladipo a Legas, ko Nkpor kusa da Anacha, ko Ƙofar Ruwa a Kano. Abin da aka rasa a kanti, sau da yawa maƙeran Panteka a Kaduna za su iya ƙera shi. Idan masu waɗannan sana'o'i suna cikin ƙungiyar, sai a ƙiyasta ladan aikin kowa a mayar da shi hannun jari, ta yadda tsabar kuɗin da za a tara za ta ragu ƙwarai. Amma wajibi ne a yi ƙiyasin a rubuce kafin a kwance ko da noti guda, domin bayan mota ta tashi kowa zai ga aikinsa ne ya fi wahala.

A nan ne adashi ya gaza. Adashi yana tara kuɗi, amma ba ya iya mallakar kadara. Dokar ƙungiyoyin gama kai ta 1993 ta ba da damar mutum goma su yi rajistar ƙungiya, kuma ƙungiyar da aka yi wa rajista tana iya mallakar mota da sunanta, ta buɗe asusu a banki. Idan aka rubuta takardun mota da sunan shugaba don gudun wahalar rajista, ranar da ya rasu motar za ta shiga cikin gadonsa, sauran membobi kuma sai shari'a.

Wajen zaɓen motar da za a saya, a duba ƙasa kafin a duba inji. Ana iya sake inji, a canza fistin da ringi, a wanke kafireto, a gyara lagireto da birki, duk a kan kuɗin da za a iya ƙiyastawa tun farko. Tsatsar da ta ci shasi ko mazaunin sifirin na baya ita ce ramin da ba a sanin zurfinsa, kuma motocin da suka daɗe a garuruwan bakin teku sun fi fama da ita saboda laima da gishirin iska. Motar da ta tsufa a busasshiyar ƙasar Arewa ta fi dacewa, ko da an ƙara kuɗin jawo ta. Haka nan a tabbata lambar shasi da ta inji sun yi daidai da abin da ke cikin takardu, don kada ƙungiya ta kashe jarinta a kan motar sata.

Raunin wannan mota shi ne shan mai. Injin kafireto ya fi na zamani zuƙar fetur, kuma a farashin da lita ta kai bayan 2023, wannan bambanci kaɗai yana iya cinye ribar da aka samu wajen saye. Mayar da injin ya yi amfani da iskar gas, wadda gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shiri a kanta a 2023, yana rage wannan nauyi, sai dai tukunyar gas tana cin wurin kaya, kuma ba ta da amfani inda babu gidan sayar da gas a kusa. Saboda haka irin wannan mota ta fi dacewa da gajeren zango, daga kasuwa zuwa unguwanni ko daga gona zuwa bakin titi.

Abu na ƙarshe da ƙungiyoyi kan manta shi ne ajiyar gyara. Kuɗin da direba ya kawo da yamma ba riba ba ne tukuna. Sai an cire na mai, da albashinsa, da inshora da sabunta lasisi, an kuma ware wani kaso tsayayye a asusu na dabam don taya da inji, kafin a raba abin da ya saura a ƙarshen wata.