Yadda A Kan Raba Ajiya Tsakanin Injuna Masu Yawa

Wanda ya taɓa shan ruwa a Masallacin Annabi a Madina cikin watan azumi ya ga abin mamaki. Kafin magariba a kan yi shimfiɗu dogaye, a jera dabino da burodi da nono da ruwan Zamzam, dubban mutane su ci a lokaci guda, sa'an nan a naɗe kome kafin a ta da salla. Ba mutum ɗaya ke rabon nan ba. Kowace shimfiɗa da mai ita. Hukumar masallaci kuwa izini take bayarwa, ta rubuta wane ne ke da wane wuri. Da za a ce kowane ƙwayar dabino sai ta bi ta hannun mutum guda, ai lisha za ta yi rabin jama'a ba su sha ruwa ba.

To, irin wannan dabara ce masu manyan injunan lissafi suka kama. Idan ka taso daga Jidda ka nufi Madina ta bakin teku, bayan kamar kilomita 80 za ka wuce Suwal, inda aka buɗe Jami'ar Sarki Abdullahi ta Kimiyya da Fasaha a 2009. A 2015 suka kafa wata kwamfuta mai suna Shaheen II, watau shaho, wadda ta zo ta bakwai a duniya wajen sauri a watan Yuni na shekarar. Ƙananan injuna fiye da 6,000 aka haɗa suka zama ita. Dukansu kuwa wuri ɗaya suke karatu da rubutu, ma'aji mai cin gigabait wajen miliyan 17. Faifai guda ba shi iya amsa wa masu roƙo 6,000.

Tsarin da suka yi aiki da shi sunansa Lustre. Peter Braam ya fara shi a 1999 a Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka. Injin da ke yi wa sauran hidima a kan kira shi saba, waɗansu kuwa su ce uwar garke. A wannan tsari sabobi iri uku ne. Akwai madugu, mai riƙe da labarin yadda aka shirya gidan duka. Akwai magatakarda, wanda ke riƙe da sunan kowane fayil, da mai shi, da inda aka sa shi. Sa'an nan ga ma'aja masu yawa, kowane da faifansa, su ke riƙe da ainihin kayan. Injunan da ke aiki da fayilolin kuwa mu kira su baƙi.

Baƙo ya kan tambayi magatakarda sau ɗaya, "Ina fayil kaza?" Da an gaya masa, sai ya tafi wurin ma'aja kai tsaye. Ga inda saurin yake. Babban fayil a kan yanka shi gunduwa-gunduwa, bisa al'ada megabait ɗaya-ɗaya, a sa ta fari wurin ma'aji na fari, ta biyu wurin na biyu, har a kewayo. Idan an raba shi wa ma'aja takwas, su takwas ɗin za su miƙo tare.

Wajen kafawa, bin tsari shi ne magana. Da fari a sa Linux a injunan duka, a tabbata kowa yana jin kowa ta waya, agogonsu kuma ya zo ɗaya. Lambar da aka san kowane ma'aikaci da ita ta zama iri ɗaya ko'ina, in ba haka ba Audu zai nemi fayil nasa a ce masa ba nasa ba ne. Bayan haka a shirya faifan madugu da na magatakarda, a tashe su. Sai ma'aja, kowane a ba shi lambarsa, daga sifiri, a gaya masa adireshin madugu domin ya kai kansa a rubuta shi. Baƙi su ne na ƙarshe. Kowane a sa masa manhajar da ta dace da irin Linux ɗinsa, a nuna masa madugu, shi ke nan sai ya ga ma'ajin duka kamar faifai ɗaya. Wanda ya yi garaje ya ta da baƙi tun ma'aja ba su tashi ba, zai zauna yana kallon inji ya yi tsit.

Amma fa rabon nan yana da haɗari. Fayil da aka yanka takwas, idan ma'aji ɗaya ya mutu, abin da ya saura ba ya karantuwa sosai, Lustre kuwa ba ya ajiye kwafi na biyu sai an umurce shi. Don haka a kan haɗa faifai da yawa a ƙarƙashin kowane ma'aji, yadda ko biyu sun lalace ba a rasa kome, a kuma haɗa sabobi bibbiyu, ɗaya ya karɓi aikin ɗan'uwansa. Faifan magatakarda ya fi kowane bukatar tsaro. Idan ya salwanta, kayan suna nan, amma ba wanda ya san na wane ne.

A ganina abin da ya fi ba sababbin hannu wuya shi ne ƙananan fayiloli. Mutum ya zuba miliyan guda a wuri ɗaya, kowane sai an tambayi magatakarda, ma'aja suna zaune ba aiki, jama'a duka sun yi layi a ƙofa ɗaya. Maganinsa a ɗaure su dami-dami kafin a ajiye.