Amurka: Yadda 'Yancin Ma'aikatan Gwamnati Ya Koma Hannun Masu Cin Zaɓe

A ranar 17 ga watan Fabrairun 2011 majalisar dattawan jihar Wisconsin da ke arewacin Amurka ta kasa zama, domin kuwa 'yan majalisa 14 na jam'iyyar Democrat sun tsallake iyaka zuwa jihar Illinois, inda 'yan sandan jiharsu ba su da ikon kamo su. Dokar jihar ta ce sai da dattawa 20 daga cikin 33 za a iya kaɗa ƙuri'a a kan duk wani shirin doka da ya shafi kuɗi, alhali 'yan jam'iyyar Republican masu rinjaye su 19 ne kawai. Abin da ya kore su shi ne shirin dokar da sabon gwamna Scott Walker ya gabatar, wanda zai ƙwace wa malaman makaranta da sauran ma'aikatan gwamnati 'yancin zama da hukuma ta hannun ƙungiyoyinsu domin yin ciniki a kan sharuɗɗan aiki.

Makonni uku 'yan majalisar suka yi a waje, yayin da dubun dubatar ma'aikata suka mamaye ginin majalisa a birnin Madison cikin tsananin sanyi. Daga bisani 'yan Republican suka cire sassan da suka shafi kuɗi daga shirin, suka zartar da saura ba tare da abokan hamayya ba, gwamnan kuma ya sa hannu a ranar 11 ga watan Maris. Dokar ce aka sani da Doka ta 10.

Abin da ya ƙara wa al'amarin nauyi shi ne, Wisconsin ce jiha ta farko a Amurka da ta bai wa ma'aikatan ƙananan hukumomi wannan 'yanci, a shekarar 1959. Babbar dokar ƙwadago ta tarayya ta 1935 ba ta haɗa da ma'aikatan gwamnati ba, saboda haka aka bar wa kowace jiha ta yi tata dokar. A wancan zamani batun bai bi layin jam'iyya sosai ba. Shugaba Franklin Roosevelt, ɗan Democrat kuma aminin ƙungiyoyin ƙwadago, ya rubuta a 1937 cewa irin cinikin da ake yi da kamfanoni bai dace da aikin gwamnati ba. Shi kuwa Ronald Reagan na Republican, lokacin da yake gwamnan California, shi ya sa hannu a 1968 a kan dokar da ta bai wa ma'aikatan ƙananan hukumomin jihar damar yin cinikin.

Gwamna Walker ya kafa hujja da giɓin dala biliyan 3.6 da ake hasashe a kasafin kuɗin shekaru biyu. Dokar ta wajabta wa ma'aikata biyan kimanin kashi 5.8 cikin 100 na albashinsu a asusun fansho, da kuma aƙalla kashi 12.6 cikin 100 na kuɗin inshorar lafiya. Shugabannin ƙungiyoyin sun ce sun amince da wannan ragi muddin za a bar musu 'yancin ciniki, amma gwamnan ya ƙi. Daga nan ne masu suka suka ce maganar ta wuce ta kasafi.

Sauran tanade-tanaden dokar sun fi taɓa ƙungiyoyin kansu. Ba za su ƙara tsoma baki a kan lokutan aiki ko hutu ko fansho ba, sai a kan tsurar albashi kaɗai, shi ma ba zai wuce hauhawar farashin kaya ba sai da ƙuri'ar raba gardama. An hana cire kuɗin ƙungiya kai tsaye daga albashi. Sa'an nan kowace shekara sai ƙungiya ta sake neman amincewar kashi 51 cikin 100 na dukkan ma'aikatan da take wakilta, wato duk wanda ya zauna gida ranar ƙuri'a tamkar ya ce a'a ne.

Tushen rikicin shi ne, ma'aikacin gwamnati yana da hannu wajen zaɓen mai gidansa. 'Yan Republican suna cewa ƙungiyoyin suna tara kuɗi su taimaki 'yan Democrat su ci zaɓe, sa'an nan su zauna da su a teburi ɗaya su yanka wa kansu albashi daga aljihun mai biyan haraji. Ƙungiyoyin kuma suna cewa makasudin dokar shi ne a karya ƙashin bayan abokin hamayya. Suna nuni da cewa an tsame 'yan sanda da 'yan kwana-kwana daga dokar, kuma wasu ƙungiyoyinsu, musamman na birnin Milwaukee, sun goyi bayan Walker a zaɓen 2010.

Abin da ya faru a jihar Ohio ya nuna amfanin wannan tsamewa. A can ma 'yan Republican sun kafa irin wannan doka a 2011, amma suka haɗa har da 'yan sanda da 'yan kwana-kwana. A watan Nuwamban shekarar masu zaɓe suka soke ta da fiye da kashi 60 cikin 100. A Wisconsin kuwa, da aka yi wa Walker ƙuri'ar kiranye a watan Yunin 2012, sai ya tsira da kashi 53 cikin 100, kotun ƙolin jihar kuma ta tabbatar da dokar a 2014. Ya zuwa 2015, yawan ma'aikatan jihar da ke cikin ƙungiyoyin ƙwadago ya sauko daga kimanin kashi 14 zuwa kashi 8 cikin 100.

Tun daga lokacin, batun ya koma bin rinjayen jam'iyya. Jihar Iowa ta bi sawun Wisconsin a 2017 bayan da 'yan Republican suka kama majalisa, ita kuwa Virginia ta buɗe wa ma'aikatan ƙananan hukumomi ƙofar ciniki a 2020 bayan da 'yan Democrat suka yi rinjaye. A watan Maris na 2025 Shugaba Donald Trump ya ba da umarnin janye 'yancin daga ma'aikatan hukumomin tarayya da dama bisa dalilin tsaron ƙasa, 'yancin da tun farko da umarnin Shugaba John Kennedy aka fara ba da shi a 1962. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

A Wisconsin ɗin ma maganar ba ta mutu ba. A watan Disamban 2024 wani alƙali mai suna Jacob Frost ya soke akasarin Doka ta 10, yana mai cewa babu hujjar fifita wasu jami'an tsaro a kan wasu masu irin aikinsu, kamar 'yan sandan jami'a, amma ya dakatar da aiki da hukuncin saboda ɗaukaka ƙara. Da yake a jihar zaɓen alƙalan kotun ƙoli ake yi, sai hankali ya koma kan kujera guda da aka yi takararta a watan Afrilun 2025, zaɓen alƙali mafi tsada da aka taɓa yi a Amurka zuwa lokacin. Wadda ta lashe, Susan Crawford, tana cikin lauyoyin da suka taɓa tsaya wa malaman Madison a shari'arsu da wannan doka. Ke nan shekaru 14 bayan gudun 'yan majalisa zuwa Illinois, malamin makaranta a jihar ya sake samun kansa yana jiran sakamakon zaɓe kafin ya san ko zai koma teburin ciniki.